Toshewar jijiyar basila: me ya raba ra'ayin likitocin Sin da na Turai?

Likita mai neman ƙwarewa ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina. An ɗora mini gabatar da darasi a sashenmu kan shanyewar jiki da ke aukuwa idan gudan jini ya toshe jijiyar basila, wadda ke shayar da gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da farkawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun 2015 aka yi ittifaƙi a kan zaro gudan jini da siririn bututu idan toshewar ta auku a manyan jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, amma da aka zo kan basila sai na ga likitocin Sin sun rungumi aikin, na Turai kuma suka daɗe suna ɗari-ɗari. Shin bambancin ƙwarewa ne, ko kuwa akwai wani dalili?

Likitan ƙwaƙwalwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Dakta. Ba batun ƙwarewa ba ne, kowane ɓangare ya yi hukunci ne da abin da ya gani a gaban gadon majinyacinsa. Gwajin BASICS, wanda likitocin Holan suka jagoranta aka buga sakamakonsa a 2021, ya ɗauki majinyata 300 cikin awa 6 da faruwar ciwon. Kashi 44 cikin ɗari na waɗanda aka zaro wa gudan jini sun samu sauƙi mai kyau, waɗanda aka bari a kan magani kuma kashi 38, tazarar da ba ta isa a kafa hujja da ita ba. Kafin shi an yi gwajin BEST a Sin, amma aka dakatar da shi yana da mutum 131, domin da yawa daga waɗanda ƙuri'a ta ware wa magani kaɗai an bi su an yi musu aikin. Wannan kansa ya nuna miki inda zuciyar likitocin can da dangin majinyata ta karkata tun kafin hujja ta iso.

A 2022 gwaje-gwaje biyu suka fito daga Sin. ATTENTION ya ɗauki mutum 340 cikin awa 12, waɗanda suka samu sauƙi mai kyau kashi 46 ne a ɓangaren aiki da kashi 23 a ɓangaren magani, mace-mace kuma kashi 37 da kashi 55. BAOCHE ya ɗauki mutum 217 tsakanin awa 6 zuwa 24, sakamakon ya zo kusan iri ɗaya, 46 da 24.

Ki lura da wurin da tazarar ta fito. Ɓangaren aiki bai canja sosai ba tsakanin 44 da 46. Ɓangaren magani ne ya faɗo daga 38 zuwa 23. A BASICS kusan mutum takwas cikin goma sun samu allurar narkar da gudan jini, wato alteplase, a ATTENTION kuwa kusan ɗaya bisa uku ne kawai, a BAOCHE ma bai kai haka ba. Ga shi kuma ATTENTION bai karɓi kowa ba sai wanda makinsa a NIHSS, ma'aunin tsananin shanyewar jiki, ya kai 10, wato masu ciwo mai tsanani.

Likitar ɗaukar hoto ta amsa:

Malam ya kawo alƙaluma, ni zan ƙara da abin da muke gani a allo. Gudan jinin da ya taso daga zuciya mai bugun da ba daidai ba yakan tafi ya maƙale a can saman basila, inda ta rabu biyu, kuma sau da yawa zuƙa ɗaya ko biyu ke fitar da shi, jijiyar ta buɗe tas. Amma idan bangon jijiyar ne ya yi kauri ya ƙuntata, wanda ya fi yawa a mutanen gabashin Asiya, za ki zaro gudan, ki jira minti goma, ki sake ɗaukar hoto, ki tarar ta sake rufewa. Dole sai an hura balan-balan ko an sa ragar ƙarfe ta tokare ta. Likitan da kullum irin wannan jijiyar yake gani ba zai sa ran allura kaɗai ta wadatar ba. Wannan ƙuncin jijiyoyin cikin kai ya fi yawa a baƙar fata ma fiye da Turawa, don haka a ganina darasin Sin ya fi kusa da majinyatanmu.

Wani tsohon malami ya amsa:

'Yata, kada ki gabatar da Turai kamar baki ɗaya take magana. Likitocin Helsinki a ƙasar Finlan sun daɗe suna ba da allurar narkarwa a toshewar basila har bayan awa huɗu da rabi da aka saba, kuma sakamakon da suka wallafa ne ya sa wasu ke ganin ba a yi wa allurar adalci ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar masana shanyewar jiki ta Turai ta fitar a 2024 sun karɓi zaro gudan jini har zuwa awa 24, musamman ga wanda makinsa ya kai 10, tare da shawarar a fara da allura idan babu abin da ya hana. Gardamar da ta rage tana kan mai ƙaramin maki, wanda yake zaune yana magana, jiri da ganin abu bibbiyu kawai ke damunsa. Wani likitan zai shiga da shi ɗakin aiki nan take don gudun ya faɗa suma cikin dare, wani kuma zai ce haɗarin bututun ya fi na jira. Ni ina tare da masu jira, da sharaɗin a sa masa ido sosai kuma ɗakin aikin yana kusa.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode, malamaina, Allah ya ƙara ilimi. Zan gina darasin a kan ɓangaren magani na gwaje-gwajen BASICS da ATTENTION da BAOCHE, in kuma ware lokaci ga alamomin farko, domin a wurinmu mai jiri da amai da lauyewar harshe yakan kwana ana ƙara masa ruwa kafin wani ya nemi hoton jijiyoyin kai.