Cire tallafin mai ya rage hayaƙin gidajenmu, ko wuri ya sauya?

Kawu (Agege): Salamu alaikum. Ina nan a kan bakana: tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, hayaƙin da gidajen Legas ke fitarwa ya ragu. A da, isha'i na yi janareta ke cika layinmu, ko kiran salla da ƙyar ake ji. Yanzu biyu ko uku ke tashi, ƙarfe goma su yi shiru.

Injiniya (Ikorodu): Wa alaikumus salam. Ta nan kam da gaskiyarka, Kawu. Litar fetur ɗaya na sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Mai ƙona lita uku a dare, cikin dare shida ya zarce abin da tukunyar gas mai kilo 12.5 za ta fitar har ta ƙare.

Hajiya (Mile 12): Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, ban yarda ba. Ku ƙarar inji kuke saurare, ni murhu nake kallo. Da gas ya yi tsada, maƙwabtana uku suka tura tukunyarsu ƙarƙashin gado suka jawo kurfoti. Ni ma shinkafar sayarwa da gawayi nake dafawa, bangon kicin ya yi baƙi ƙirin, autata kullum tari. Kuma gawayin nan daga ina? Bishiya aka sare, aka turara ta a rami, mota ta kwaso shi zuwa nan. Hayaƙin farko can ƙauye ya tashi, abincin kuma a Legas aka ci. A lissafin wa za a sa shi?

Kawu: Amma Hajiya, ai itace yana sake tsirowa.

Hajiya: In an dasa. Da na je gida Daura bara, kurmin da muke itace muna yara ya zama fili fetal.

Injiniya: Wannan ita ce gaɓar. Abu biyu ke juya lissafin gida: abin da ke aljihu, da inda makamashin ya fito. Wutarmu mafi yawanta daga gas take, irin tashar Egbin da ke kusa da mu, saura daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro. Faransa kusan kashi biyu cikin uku na wutarta nukiliya ce, Foland kuwa har yau kwal ne babban jigonta, don haka firiji iri ɗaya, hayaƙi daban. Aljihu kuma: iskar kabon da ɗan Najeriya ke fitarwa ba ta kai tan ɗaya a shekara ba, ta Ba'amurke ta haura tan goma.

Ɗan'auta (Idi-Araba): Yaya Injiniya, kar a manta da hanya. Mai zuwa aiki daga Agege zuwa Obalende kullum, danfo, motar hayar da yake shiga, na cin mai a tsaye cikin cunkoso. Ɗan'uwansa a Katsina da ƙafa yake zuwa kasuwa.

Kawu: To kun ga, talauci ya rage hayaƙi ke nan.

Hajiya: A'a, Kawu, wannan ragin ba na so. Yaro ya kwana cikin zafi da sauro, uwa ta shaƙi gawayi, ranar da kuɗi suka dawo kuma janareta ya dawo. A sauko da farashin gas, a tsayar da wuta, ka ga ko akwai macen da za ta koma fifita kurfoti.

Kawu: Maganar gawayin ta shige ni. Injiniya, nawa sola za ta ci in fanka biyu da fitila huɗu kawai nake so? Ka leƙo shago bayan la'asar mu zauna.