Filastar tsohon murhun dumama ɗaki tana ta zubowa, ya zan yi?

Mai_gyaran_gida:
Salam jama'a, dan Allah masu sanin gini ku taimaka. Muna gyaran wani tsohon gida ne, a falo akwai murhun dumama ɗaki na jan bulo irin mai bututun hayaƙi, wlh ina son shi sosai ba na so a rushe. Da na ƙwanƙwasa filastar sai na ji tana ƙarar fanko, na sa guduma kaɗan kawai ta zubo gaba ɗaya, bulon duk ya yi baƙi da kunkunniya, kuma abin da ke tsakanin bulon har da yatsa nake kankare shi kamar gari. In kwaɓa siminti in shafe ne ko yaya?

Tsohon_birkila:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka sa siminti tukuna. Wannan garin da kake gani alama ce da farar ƙasa aka yi ginin, wato layim, kuma tsohon bulo yana da taushi, siminti ya fi shi ƙarfi, sai ya riƙe danshi a ciki fuskar bulon ta dinga ɓarewa. Ka ƙwaƙule tsakanin bulon kamar zurfin santimita 2, ka share ƙurar, ka yayyafa ruwa sannan ka cike da layim da yashi, awo 1 na layim 3 na yashi. Filastar ma haka, kar shafi ɗaya ya wuce santimita 1, ka karce na farko tun yana ɗanye ka bar shi kamar sati kafin na biyu. Aikin layim ba ya son gaggawa ko kaɗan.

Uwar_biyu:
Malam maganar kunkunniyar nan ka ɗauke ta da muhimmanci fa. Mu mun shafe namu ba mu goge ba, bayan 'yan watanni sai ga tabo ruwan ƙasa ya ɓullo ta cikin sabon fenti, mun ƙara fenti ya sake fitowa, raina ya ɓaci sosai. Ka sa burushin waya ka goge a bushe da kyau, ka sa takunkumi don ƙurar ba ta da kyau a ƙirji. Kuma kar a sa maka filastar jifsam, wato irin farar hodar nan ta POP, kusa da bakin wutar, zafi na tsattsaga ta.

Tsohon_birkila:
Gaskiyar Hajiya. Na manta, cikin ramin inda wuta ke ci ba a masa filasta, bulon wuta ake sawa da kwaɓin da ke jure zafi. Kuma kafin ka kunna a share bututun a gwada shi da hayaƙi, in akwai tsaga iskar kabon monoksayid za ta shigo ɗaki, ba ta da wari kuma tana kisa.

Mai_gyaran_gida:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na leƙa, bulo biyu na saman bakin suna motsi, in fara da su ko?