Yaro mai ADHD ya ce ya gaji da ƙwallo: a matsa masa ko a ƙyale shi?

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, a taimaka da shawara. Yaro ne ɗan shekara 9, likita ya tabbatar yana da ADHD, wato larurar ƙarancin natsuwa da kasa zama wuri guda. Ya nace sai ƙwallo, aka sayi takalmi da riga, sati uku ya ce ya gaji, yanzu kuma kiwon tattabara yake so. A tilasta masa ya ci gaba, ko a bar shi?

Malam Na Samaru:
Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Kafin a yanke hukunci, wani babba ya je filin ya kalli atisaye ɗaya daga farko har ƙarshe. Sau da yawa ba ƙwallon ce ta ishe shi ba, jiran ne. Koci ya jera yara ashirin, sai an yi minti goma kafin layi ya zo kansa. Yana tsaye yana tonon ƙasa da takalmi, sai ya ji tsawa. Ko kuma an ajiye shi gola, inda ƙwallo ke daɗewa ba ta zo ba. A roƙi koci ya maido shi tsakiya inda gudu ba ya yankewa, ya kira sunansa kafin ya ba shi umarni, kuma ɗaya bayan ɗaya.

A duba lokaci ma. Idan yana shan maganin ADHD da ake kira methylphenidate, mai gajeren zango, ƙarfinsa awa 3 zuwa 4 ne, wanda ya sha da safe ya sake shi tun kafin La'asar. Kada ku taɓa lokacin maganin da kanku, ku kai maganar gun likitansa, a asibitin Shika na Zariya ne ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ta Kaduna.

Baban Nana, Ƙofar Doka:
Hajiya, ni ina ganin a ɗan matsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba ajiye abu da zarar ya yi wuya, haka zai yi gobe a shagon koyon sana'a. Kuma nan gaba kada a sayi kaya a satin farko, a aro na ɗan'uwa har ya cika wata guda.

Malama Anti, Gyallesu:
Baban Nana, maganar aro daidai ce, amma matsi marar iyaka shi ke sa yaron nan ya tsani abin har abada. Ƙwaƙwalwarsa sabon abu take bi da ladan nan take. "Wata rana za ka ƙware" bai isa kunnensa ba. Duka kuwa tsoro kawai yake ƙarawa.

A yi masa wa'adin da ido ke gani. Sati shida, atisaye biyu a sati, gida 12 ke nan a kalandar da aka manna a bangon ɗaki. Duk ranar da ya je, shi da hannunsa zai yi maki, a yaba masa a ranar, ba ƙarshen wata ba. Sharaɗi ɗaya: ba a ajiye wasa ranar da aka sha kashi ko aka yi faɗa, sai an kwana biyu an sake tambayarsa. Gidaje 12 suka cika ya ce ya haƙura, a bar shi ba gori. Amma idan ana dukansa ko tsangwamarsa a filin, wa'adi ya faɗi a ranar.

Sallah da boko da Islamiyya ba sa cikin wannan ciniki, a faɗa masa ƙarara. Motsa jiki ma haka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 60 kullum ga yara, to idan ƙwallo ta tafi, keke ko langa su maye gurbinta.

Tattabara kuwa rai ce, ba takalmi ba da za a jefa ƙarƙashin gado. A fara da guda biyu, mace da namiji, a haɗa ba su dawa da ruwa da abin da ba ya tsallakewa, kamar bayan karin kumallo da bayan La'asar. Kuma a san babban da zai riƙa leƙa kaskon ruwan, don zai manta.