Musayar waƙa kan Eduard Lasker, lauyan Jamus

Malam Ɗanjuma:
'Yan'uwa masana tarihi, ga batu,
Eduard Lasker nake so mu tattaunawa.
A Jarotschin aka haife shi, 1829,
Don Bayahude ne, kujerar alƙali ba ta samuwa.
A 1865 ya shiga majalisar Prussia,
Ya ba Bismarck, shugaban gwamnati, hannu: riba ce ko faɗuwa?

Hajiya Rabi:
Riba ce, Malam, dubi fagen shari'a,
Jamus ta haɗe a 1871, doka na rarrabuwa.
Gaɓar kogin Rhine na bin dokar Faransa,
Prussia na da kundin 1794 tana riƙewa,
Saxony da nata, rabon gado ya sha bamban
Da zarar iyakar jiha kake tsallakewa.
Lasker da ɗan majalisa Miquel suka dage kan tsarin mulki, sashe na 4,
Lamba 13, sai da ta samu gyaruwa.
A 1873 tarayya ta karɓi ikon haɗa dokokin,
A 1874 kwamiti ya fara zaunawa.
Daftarin 1888 ya sha suka,
Sai 1896 aka kai ga amincewa.
Kundin ya fara aiki a 1900,
Lasker ya daɗe a ƙasa, bai ga cikawa.

Baban Sani:
Hajiya, na ji, amma a faɗi kuɗin cinikin.
A 1870 hukuncin kisa ya kusa gushewa,
Karatu na biyu majalisa ta soke shi,
Bismarck ya ce kundin laifuka duka zai janyewa,
A karatu na uku abokan Lasker suka sassauta.
Dokar murƙushe 'yan gurguzu, 1878, ta fi ciwo da ƙonawa:
Lasker ya sa mata wa'adin shekara biyu da rabi,
Har 1890 aka yi ta sabuntawa.

Hajiya Rabi:
Ƙanena, ka tsallake Fabrairun 1873,
Da Lasker ya tona lasisin layin dogo da cin rashawa.
Ya kira sunan Wagener, na hannun daman Bismarck,
Minista Itzenplitz bai tsira daga saukowa.

Malam Ɗanjuma:
Ku duka kun faɗi gaskiya, ga ƙarashen.
Harajin hatsi da ƙarfe ya sa Lasker da Bismarck ɓatawa,
1879 ke nan. A 1880 Lasker ya bar jam'iyyarsa.
Janairun 1884, a New York rai ya yi ƙarewa.
Majalisar wakilan Amurka ta aiko ta'aziyya,
Bismarck ya ƙi miƙa ta ga majalisar Jamus, ya sa aka mayarwa.