Taimako daidai inda mutum ya maƙale

Masu rubuta manhaja sun zauna a Nima, Accra, kan yadda mutum zai danna maɓallin F1 na neman taimako ya samu bayanin tagar manhajar da yake ciki, ba shafin farko na taimakon ba.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a ba kowace taga lambarta, a haɗa lambar da shafin bayaninta cikin fayil guda. Mai manhaja da mai rubuta bayani su riƙe fayil ɗin tare, domin idan lamba ta sauya ba sanarwa, sai taimako ya ɓace. A ganina wannan ne jigon maganar.

An kuma yi gargaɗi cewa Windows kan toshe fayil ɗin taimako irin na CHM da aka sauko daga intanet, sai an buɗe masa hanya.