Ina neman fim mai soyayya da dariya da kunfu a haɗe

Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni da maigidana kullum sai mun yi musu a gaban talabijin: shi faɗa yake so, ni soyayya, kuma duk ba ma son abin da zai sa mu kwana da ɓacin rai. Akwai fim ɗin da ya haɗa duka?

Yaya Sadik: Wa alaikumus salam. Nemi Gorgeous na Jackie Chan, 1999. Shu Qi ce yarinyar, 'yar ƙauyen masunta a Taiwan, ta tsinci wasiƙar soyayya a cikin kwalba, ta kama hanyar Hong Kong neman wanda ya rubuta. Can ta haɗu da Jackie, attajiri.

Anti Zee: Sadik, ka faɗa mata gaskiya mana. Faɗan ba laifi, musamman karawarsa biyu da Brad Allan, ɗan Ostireliyar nan. Gajere ne, amma a karon farko ya lallasa Jackie. Soyayyar ce ba ta shige ni ba. Jackie ya girme Shu Qi da shekara 22, kuma ana gani. Kai ka ce fim biyu aka ɗinke: a yi soyayya, a ajiye, a je a yi dambe, a dawo.

Yaya Sadik: To Anti, kawo naki mu ji.

Anti Zee: Wing Chun, 1994. Michelle Yeoh da Donnie Yen, Yuen Woo-ping ya ba da umarni. Ita mai sayar da awara ce, ta ƙware a kunfu har maza na shakkarta, kuma shigar maza take yi. Saurayinta na yarinta ya dawo bayan shekaru, bai gane ta ba. Ya ɗauka wata kyakkyawar bazawara da ke shagon ce masoyiyarsa, ita kuma ta ainihin ya ɗauke ta namiji, har yana kishi da ita! Kin ga nan kunfun ne ya haddasa rikicin soyayyar, ba liƙa shi aka yi ba. Akwai inda wani ƙato ya zo da cika baki, ta ajiye farantin awara a kan tebur ta ce in ya iya farfasa ta ya ci. Ya kai duka ta sama, ya kai ta ƙasa, ita tana ta ture hannunsa tana juya farantin. Awarar nan ko ɓallewa ba ta yi ba. Na maimaita wurin ya fi a ƙirga.

Baffa: Ba wanda zai ambaci Shaolin Soccer? 2001, Stephen Chow. Yarinyar da ke kwaɓa fulawa da salon taici, wani nau'in kunfu, daga ƙarshe ta aske kai ƙwal ta tsaya a raga.

Anti Zee: Dariya kam har da hawaye, Baffa, amma soyayyar cikin cokali ce. Maigidan zai more, Ummi za ta tashi da yunwa.

Ummi: Haha, na gode Anti. Yara za su iya zama a wurin?

Anti Zee: Wing Chun akwai 'yan zantukan manya nan da can, bari su yi barci tukuna. Na Baffa ne nasu.

Ummi: Shi ke nan, daren Juma'a awara, Asabar ƙwallo. Yaya Sadik, naka ya jira layi.