Murnar da ta ƙare cikin mako biyu, farin ciki ce?

Manomi daga ƙasar Gumel:
Assalamu alaikum. Da kakar bara na kai riɗi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, na sayi babur ɗin da na shekara uku ina tara kuɗinsa. Daren farko sau biyu na fito da tocila ina duba shi a zaure, amma kafin mako biyu ya zame mini abin hawa kawai, na koma tunanin kuɗin mai. Kakata kuwa, wadda dukiyarta ba ta wuce awaki huɗu ba, kullum hankalinta a kwance yake. A cikinmu, wa yake da farin ciki?

Malamin makaranta, Ringim:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ka ji murna ce, ita kuma murna tana zuwa ne da dalili, ta dushe idan zuciya ta saba da dalilin. A 1978 wani masanin halayyar ɗan'adam, Philip Brickman, da abokan aikinsa a Amurka sun tambayi mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti, suka tarar farin cikinsu bai ɗara na sauran mutane da wani abin kirki ba, har ma daɗin da suke samu a ƙananan abubuwa irin su karin kumallo da hira ya ragu. Abin da kakarka take da shi yanayi ne da ya zauna a zuci, wanda ba ya jiran ranar kasuwa.

Almajiri daga Kura:
Malam ya yi gaskiya. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadatar zuci ita ce wadata.

Ma'aikaciyar lafiya, Haɗeja:
Allah ya gafarta Malam, ban musa ba, sai dai kada mu ɗauki shirun tsofaffi a matsayin shaida. Mata da yawa sukan zo mana da ciwon kai da rashin barci, sai an zauna da su a gane damuwa ce kawaici ya rufe, musamman bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a yankinmu. Rahoton farin ciki na duniya, wanda aka fara fitarwa a 2012, yakan nemi mutum ya auna rayuwarsa da kansa daga 0 zuwa 10, kuma cikin abubuwan da ke bayyana bambancin ƙasashe akwai abin hannu, da lafiya, da samun wanda za a dogara da shi ranar wahala. Kai kuma ɗan'uwa manomi, ka tambayi kakarka da kanka, kuma ka lura ko rumbunta da hatsi.

Manomi daga ƙasar Gumel:
Na gode, Hajiya. Jiya da la'asar na tambaye ta tana sussukar gero. Ta yi dariya ta ce ciwon gwiwa na hana ta barci, amma tunda jikoki na shigowa gaishe ta kowace safiya, ba ta da ƙorafi. Sannan ta ce in kai ta asibiti ranar Litinin a kan babur ɗin.